Batirin da ke cikin takobin ɗana

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Ina neman taimakonki a kan wani al'amari da na kasa yanke wa hukunci, duk da cewa yanke hukunci shi ne aikina, domin ni malamin shari'a ne a jami'a.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ɗan farina ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya. Shekarunsa goma sha bakwai. A gida Injiniya muke ce masa, saboda babu rediyo ko tocila da ta tsira daga hannunsa. Yakan zolaye ni cewa digirina uku sun kasa canza batirin rimot.

Kafin ya kwanta ciwo, yana ƙera takubba biyu masu haske don wasan kwaikwayon makarantarsu, inda shi da ƙanwarsa Auta za su fafata a dandamali. Kowane takobi bututun roba ne mai ɗauke da zaren ƙananan fitilun LED masu cin volt biyar. Ya gama shuɗin, ya saka masa batirin da ya ciro daga tsohuwar kwamfutata, ya naɗe ƙotar da baƙin salatif. Bahago ne, don haka naɗin ya juya ta hagu, yadda babu wanda zai iya maimaita shi a gidanmu. Jan kuwa yana kan teburinsa, wayoyinsa biyu a waje, babu batir.

Shuɗin yana kamawa har yanzu da cajin da ya yi masa da hannunsa. Nakan kunna shi na ɗan lokaci in kashe, kuma kullum hasken raguwa yake. A makon jiya na lura ƙotar ta ɗan kumbura. Ban gaya wa kowa ba.

Makarantar ba ta soke wasan ba. Auta ta ce za ta hau dandamali da takobin Yayanta, wata ƙawarta ta riƙe jan. Mahaifiyarsu ta ce a tattara komai a kwali, ba za ta iya ganin wannan hasken a hannun kowa ba. Ni kuma na gwada batir mai kusurwa huɗu a jan, ya yi zafi na cire. Na gwada batiran tocila, sun ƙi shiga ƙotar. Na karanta abin da ya sawwaƙa, na fahimci kalmomin, amma ban san batirin da zan saya ba.

Idan na canza batirin shuɗin, dole in yanka naɗin. Idan ban canza ba, zai mutu a hannun Auta a gaban jama'a. Jan bai kama ba, shuɗin ban buɗe ba, kuma ban ba Auta amsa ba.

Uban Injiniya

Malam,

Allah ya jiƙan Injiniya, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Zan fara da abin da ba ya jira. Batirin kwamfuta da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Kada ka sake kunna shi, kada ka yi masa caji, kada Auta ta taɓa shi. Ka fitar da takobin daga ɗakin kwana yau, ka kai wa mai gyaran waya ya cire batirin ba tare da ya huda shi ba.

Naɗin kuwa ba sai an yanka ba. A ɗumama shi kaɗan daga ƙarshensa bayan an raba wayoyin, ko a buɗe ƙotar ta gindi. In ya zama dole a warware, a warware shi a hankali a naɗa a wani guntun bututu, juyin hagunsa zai zauna yadda yake.

Batir mai kusurwa huɗu volt tara ne, ya fi ƙarfin fitilunka, ga saurin ƙarewa. Ka nemi siririn fawa banki mai siffar tocila, irin na cajin waya, guda biyu. Volt biyar suke bayarwa, suna da kariya a ciki, kuma ana cajinsu kamar waya. Ka auna faɗin ƙotar kafin ka saya.

Mahaifiyarsu tana da gaskiyarta, kada a tilasta mata zuwa kallo. Amma kwali ba zai yi wa Auta adalci ba, ita ma Yayanta ta rasa, kuma wannan ce hanyar bankwanarta. Ka gaya wa matarka zancen kumburin, ka daina ɗaukarsa kai kaɗai.

Cajin nan ƙarewa zai yi ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, Malam. Ɗanka ya ƙera takubban ne don su haskaka a hannun ƙanwarsa. Ka zaunar da ita a teburinsa, ta riƙe maka wayoyin jan, ku kunna shi tare.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya Auta.