Akwatin da Ke Cikin Silin

Zuwa ga aminina Oga Chinedu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Madam, a duk inda kuke tun barinku Jos. Lambarka ta ɓace mini, shi ya sa na rubuta a nan shafin jarida inda kowa zai gani, ko wani zai isar maka.

Ka tuna shagonmu na Anguwan Rukuba, inda muke haɗa 'yan rokokin wasa na Kirsimeti da Sallah? Kai ke naɗe kwali ya zama bututu, ni ke danna hodar albarushi, mu toshe gindin da yumɓu. Ba wanda ya koya mini, da hannuna na gano. Namu sun fi na kanti tashi sama, har gobe ina faɗa.

Duk wanda hodarsa ta tsage a cikinsu, sai ka ɗiga masa jan fenti. Kana cewa, "Sabo, wannan ba tashi zai yi ba, fashewa zai yi. Kai shi kududdufin kuza na Naraguta ka jefa."

Chinedu, ban taɓa kai ko ɗaya ba. Na ƙi yarda aikin hannuna yana da aibu. Na tara su a akwatin ƙarfe, na ɗora cikin silin ɗin gidana na Dutse Uku, wai wata rana zan gyara. Sai rikici ya ɓarke, gari ya canza, abin wasa ya koma abin tuhuma, na ja bakina na yi shiru.

Shekara da shekaru rana na dukan kwanon rufin, sanyin Jos na bi. Ƙarƙashin akwatin nan matata Hajiya take shimfiɗa sallayarta, ba ta sani ba. Yanzu rufin na yoyo, ta kira kafintoci. Ranar Asabar za su zo da guduma.

Jiya na hau tsani na taɓa murfin. Tsatsa ta cinye shi. Na sauko ban buɗe ba, ni da ban taɓa tsoron wuta ba. Ko na sauko da shi, akwai shingen sojoji kafin Naraguta. Wane soja zan ce wa abin wasa ne?

Gobe da safe zan kai Hajiya gidan ƙanwarta, in je wurin 'yan sanda da ƙafata in faɗa musu. Ban san ko za su bar ni in dawo ba. In an nemi shaida, ɗan'uwana, kai kaɗai ka rage da ka san yara muke faranta wa.

Ka sa ni a addu'a a cocinku. Allah ya sa a sauko da shi ba wanda ya ji ciwo, ya kuma nuna mini fuskarka in faɗa maka da bakina: kai ke da gaskiya.

Naka, wanda bai ji maganarka ba,
Sabo Mai Roka