Ni Nake Katse wa Hajiya Waya

Gwaggo Ladi, don Allah ki taimake ni, na yi abin da ko matata na kasa gaya wa.

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Jakara, kuma ni na karanta kwamfuta. Da kasuwancinmu na fata ya kai Legas da Yamai, aka ce in haɗa mana wayar intanet. Irin wannan waya sai da saba, wato na'urar da kowane kira yake bi ta cikinta. Sati biyu ina auna guda uku. Ɗaya tana ɗaukar kira da yawa, amma saita ta sai mai haƙuri. Ta biyu ba ta sakin murya ko netwok ya yi rauni. Ta ukun ba ta kai su ba, sai dai tana rubuta wa ya kira wa, minti nawa, kuma kana iya ƙayyade wa kowane layi lokaci. Ita na ɗauka, wai saboda ma'aikata. Ashe kaina na haƙa wa rami.

Na sa wa mahaifiyarmu layi. Gwaggo, a wata ɗaya Hajiya ta kira ƙanena Salihu da ke Yamai sau ashirin da shida, wani kiran har awa guda. Ni da na haɗa abin, ko sau ɗaya! Kullum sai na buɗe rajistar kiran na duba, kamar mai sosa gyambo. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Sai na saita layinta ya riƙa yankewa bayan minti uku in shi ta kira. Yanzu ta ɗauka Salihu ne yake kashe mata waya. Ta daina kiransa, ta daina ɗaga nasa, har ta rame. Yaya zan yi?

Mai ƙunar zuci, Jakara

AMSA

Ɗana, ba zan ce ba ka da abin jin zafi ba. Ko furfura ta fito wa mutum, yana son uwarsa ta neme shi. Amma kai ɗan birni ne, ka san alkunya. Uwar da ba ta kama sunan ɗan farinta, ita kake jira ta buga maka waya ku yi hira? Sabarka minti take ƙirgawa, ba ta san abin da ke zuciyar Hajiya ba.

Laifin kuwa naka ne, kuma babba. An ba ka amana, ka leƙa sirrin uwa, ka shiga tsakaninta da ɗanta, ga Salihu yana ɗauke da fushin da bai jawo ba.

Yau ɗin nan ka cire ƙa'idar minti ukun. Ka rufe rajistar layukan gida, ta shago kaɗai ta shafe ka. Ka kira Salihu ka nemi gafararsa. Sannan ka je gaban Hajiya ka durƙusa ka faɗi gaskiya. Kada ka ɗora wa netwok, don da Salihu take fushi, kuma bakinka ne kaɗai zai wanke shi. Ka gaya mata dalilin ma, ko da ba za ta iya ɗaga ido ta dube ka ba.

Za ta yi faɗa, ka jure. Allah ya huci zuciyarta, ya sanyaya taka.

Gwaggo Ladi