Kakata Ta Yi Zaɓe Bayan Rasuwarta, Takardar Tana Hannuna

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da ku masu karantawa. Ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya da iyali. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mani na riga na yi wa kaina ninkinsa, wallahi na gaji.

Ni mace ce 'yar Nijar, shekarata biyar a Lyon, a Bron nake zaune, ina karatun dakta a fannin tarihi. Tez ɗina, wato littafin binciken da zan kare gaban farfesoshi, a kan tarihin zaɓe ne na tsohuwar mazaɓar ƙauyukanmu, wadda tuni aka rushe ta aka haɗe da ta birni. Yau ko sunanta yara ba su sani ba. Babu wanda ya aike ni, ni na zaɓi batun da kaina, saboda Babana. Baba mushe ne, haka muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma a zamaninsu duk ranar zaɓe malaman lakwal ake sawa su shugabanci biron zaɓe, wato wurin jefa ƙuri'a, don su suka iya rubutu. Na tashi ina jin mutane suna cewa Mushe ko allura ya tsinta sai ya nemi mai ita. Na ce bari in rubuta tarihin da mutane irinsa suka riƙe da gaskiya. Kun ji wautata.

A duk zaɓukan mazaɓar nan, guda ɗaya ne har yau tsofaffi suke rage murya in za su yi maganarsa. An yi shi kafin a haife ni da 'yan watanni. Wani dattijo mai sayen gyaɗa ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, kowa ya ɗauka ya ci, sai aka ce ya faɗi da ɗan kaɗan. Daga ranar har ya koma ga Allah bai daina cewa sace masa aka yi ba. Tun ana tausaya masa har aka koma yi masa dariya, aka laƙaba masa suna Malam An-Cuce-Ni, har a kasuwa da shi ake kiransa. Da na fara bincike sai aka ce mani ai ɗansa yana Paris, babban ɗan kasuwa ne a Aubervilliers, kuma takardun mahaifinsa suna wurinsa. Zan kira shi Alhaji kawai.

Na hau jirgin ƙasa na tafi, na shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har unguwarsu, na iske shi a sito cikin kwalaye. Da ya ji sunan ƙauyenmu sai ya ajiye wayarsa ya ce, "Ɗiyar Mushe ce? Ah ah! Zauna ɗiyata, gida kika zo." Ya sa aka kawo mani kilishi da shayi, sannan ya jawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Ya ce shekara da shekaru yana yawo da ita, daga gida har nan, ba don ya san abin da ke ciki ba. Shi allo ya yi, faransancinsa na ciniki ne, rubutun hannu ba ya karantuwa gare shi, yaransa kuma da aka haifa a nan in ya yi masu zancen sai su ce, "Papa, sa se fini, ka bar shi ya wuce." Ya ce, "Ke kika yi boko. Duba mani, ko Baba ƙarya ya yi ko gaskiya. Ko wanne ne ina so in sani kafin in mutu."

Wata uku ina zuwa kusan kowace Asabar. A zuwa na ƙarshe, bayan Alhaji ya tafi sallar azahar ya bar ni ni kaɗai a ofis, na ci karo da takardu uku da suka manne da juna, jerin sunayen waɗanda suka jefa ƙuri'a a biron ƙauyenmu. Yadda aka yi suka shigo adakar ban sani ba, wataƙila wakilin dattijon ne ya fizge su a rikicin ranar. Ku da kuka san ƙauye kun san yadda ake yi: wanda ba shi da takardar shaida, mutum biyu su ce sun san shi, ya dangwala yatsa a gaban sunansa, shugaban biro ya sa hannu. Ina bin layi da ido sai na ga sunana. Sunana cikakke. Sai daga baya hankalina ya dawo, na tuna ai sunan kakata aka sa mani, mahaifiyar Baba, wadda ta rasu damina biyu kafin wannan zaɓe. Ga yatsa an dangwala a gabanta. A ƙarƙashinta ga wasu da na san kabarinsu, ga samarin da kowa ya san suna can cin rani lokacin. A ƙasan kowace takarda kuma ga sa hannun da na sani tun ina aji ɗaya, wanda ke kan duk takardun sakamakona na lakwal.

Me ya sa ban jira Alhaji ya dawo ba? Me ya sa ban mayar da su na rufe adakar na yi shiru ba, ko da wannan ma ha'inci ne? Ban sani ba. Na dai ga hannuna ya ninke su ya tura cikin jaka. Da ya shigo yana jan carbi ya ce, "Ɗiyata, an samu wani abu?" na ce, "Babu komai tukuna, Baba Alhaji." Har gar, tashar jirgin ƙasa, ya raka ni ranar, yana ce mani in riƙa cin abinci na rame.

Abin bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya fi ci mani rai. Na zauna na rubuta a babi na huɗu cewa zargin maguɗi a wannan zaɓe magana ce ta baki, babu wata hujja a rubuce da ta tabbatar da shi. Malamata ta karanta ta yaba, ta ce na nuna natsuwar mai tarihi. Natsuwa! Na yi mata murmushi na yi godiya. Wato ni da aka ba amana in wanke mutum, ni ce zan buga hatimin jami'a a kan sunan da aka yi masa na tsokana.

Wata biyu da suka wuce na kasa daurewa, na kira Baba. Ya tsufa yanzu, ciwon suga ya ci idonsa, kullum yana zaure da rediyo. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu. Na ce, "Baba, na ga takardun biron ƙauyenmu. Na ga sunan Inna, mahaifiyarka." Ya ce, "Uwata," don haka yake kirana, "na san wata rana wani zai gani. Ban zaci ke ba ce." Ya ce manya ne suka aiko da jerin sunayen tun da safe, aka ce ko ya sa hannu ko a tura shi lakwal ɗin da ko rijiya babu, ga yara huɗu, ga mahaifiyata da cikina. Na ce, "To yatsan wa ne a gaban sunanta?" Ya ce, "Nawa ne. Na ce in dai sai an ta da matattu, gara ni in taɓa sunan uwata da wani ƙato ya taɓa." Bai ce in rufa masa asiri ba, da ya faɗa ma da na samu wanda zan yi fushi da shi. Cewa kawai ya yi, "Ki yi aikinki yadda aka koya maki." Wa ya koya mani in ba shi ba?

Yanzu saura sati uku in kare tez ɗin. In na faɗa wa malamata, za a ɗaga ranar, wataƙila a ce na ɓoye hujja da gangan, shekara biyar su tafi a banza, takardar zamana ma a kan karatun nan take. In na gyara babin, sunan ƙauyen da shekarar sun isa kowa a gida ya san wane ne shugaban biron, tsoho makaho ya ƙare rayuwarsa ana nuna shi da baki. In kuma na yi shiru, na zama dakta a kan ƙarya, dattijon can ya tabbata Malam An-Cuce-Ni har a littafi. Gaba kura baya sayaki. Abinci ba ya mani daɗi, taram, jirgin cikin gari, ya wuce da ni tashata sau nawa ban sani ba. Takardun suna cikin littafin girkin da ke kan firij ɗina, kullum na buɗe firij sai na gan shi.

Jiya da la'asar Alhaji ya kira ni, murna fal muryarsa. Ya ce ya sayi tikitin Lyon, ya ba da ɗinkin sabuwar shadda, zai zo ya zauna a layin gaba. Ya ce, "Faransancinku na boko ba zan gane ba, ɗiyata. In kin zo wurin maganar Baba, ki ɗan dube ni kawai. In gaskiya ya faɗa ki gyaɗa kai, in ƙarya ce ki sunkuyar, ni zan gane, ba zan ji haushinki ba." Sannan ya ce in gaishe masa da Mushe, wai duk ƙauyen shi kaɗai ne bai taɓa kiran mahaifinsa da sunan tsokanar nan ba.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Ranar nan dole in ɗaga ido in dubi mutumin nan. Me zan yi?