Shaidar da Na Ƙi Bayarwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan Zurmi lafiya lau.

Kotu ta sallami maƙwabcinmu Bello, wanda aka zarga da kai wa 'yan bindiga rahoto. Ranar da aka ce ya yi hakan, tare muke girbin gero. Lauyansa ya roƙe ni in faɗa wa alƙali haka, na ƙi, don kada a ce ni ma nasu ne. Wata bakwai ya yi a tsare.

Jiya a masallaci ya miƙo mini hannu, ya ce, "Isa, ya bayan rabuwa?" Wallahi na kasa ɗaga kai.

Ka yi mini addu'a in samu bakin neman gafararsa. Gaida yara.

Ƙaninka,
Isa