Saɓar Leda a Ramin Taki

Litinin, 3 ga Maris

"Yaya, muddin ina kan kujerar nan, ko ƙwayar zarra ta roba ba za ta shiga farantinmu ba." Bakin Autanmu ne ya faɗi haka ranar da muka buɗe masana'antar nan, hannu a ƙirji kamar mai neman ƙuri'a. Shekara shida ke nan. Ni ke haɗa farantan zuba abinci daga ɓuntun shinkafa da sitacin ɓawon rogo, shi ke sa kwat ya sayar.

Yau na tone ramin takin da ke bayan ɗakin gwaji. Haka nake aiki: duk rukunin da aka gama, sai in zaro uku daga kwali in binne, in kafa tsinke da kwanan wata, in dawo bayan kwana casa'in. Ma'aikata suna kiran wurin maƙabartar Dakta. Na Disamba na tono. Farantin ya zama ƙasa, tsutsotsi sun ci sun yi godiya. Amma ga wani abu shara-shara kwance a wurin, da siffar faranti sak, har da kusurwoyinsa, kamar saɓar maciji.

Leda ce. Na ɗaga ta da yatsu biyu.

Talata, 4 ga Maris

Na tone sauran biyun. Duk ɗaya. Na wanke hannu sau huɗu.

Alhamis, 6 ga Maris

Na shiga ofishinsa da bokiti, na dire kan teburin gilashin nan da yake taƙama da shi.

"Haba Yaya, ƙasa a kan takardu?"

Na ce ai ƙasar ta fi takardun tsabta.

Bai ko yi musu ba. Tun Disamba yake tura farantan wani wuri a manna musu leda ta ciki, sannan a dawo da su a buga tambarinmu a jikin kwali: YANA RUƁEWA CIKIN KWANA CASA'IN. Wai siririya ce ƙwarai, ko gashin kai ya fi ta kauri. Na ce ƙaryar ma siririya ce, shi ya sa ƙasa ta ƙi haɗiye ta.

Kamfanin da ke ciyar da makarantu zai zo ranar ashirin ga wata, kuma ba za su ɗauki kaya ba sai da takardar gwaji mai sa hannuna. Har ya ajiye min biro a kai. Biro mai ruwan zinare. Tir!

Abin da ya fi ƙona min rai: wata uku ina ganin wani ƙyalli a cikin farantin, ina cewa kakin dusar shinkafar da nake shafawa ne ya zauna da kyau. Har na nuna wa baƙi, ina baza hanci.

Asabar, 8 ga Maris

Ya riga ni wajen Inna, kamar yadda ya saba tun yana fasa kwano ya ce iska ce. Ta zaunar da ni a bakin gado.

"Ke babba ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce Inna, matsalar ke nan, wannan ba ya ruɓewa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun ina yarinya karatu ya sa min kaifin baki, kuma ma'aikata talatin ke cin abinci a wurin nan, in tuna da 'ya'yansu. Na tuna. Na kuma tuna yaran makarantar da za a koya wa binne faranti a lambu don su ga ikon Allah, su tono leda.

Na taɓa karanta tarihin masu zuba alli a fulawa shekaru ɗari biyu da suka wuce. Kowannensu yana da uwa, kowannensu yana da ma'aikata. Ba wanda ya taɓa cewa don mugunta ya yi.

Talata, 11 ga Maris

Yau a taron ma'aikata Autanmu ya ce mu "masu ceton duniya" ne. An tafa. Na fita na tofar da yawu a kwata.

Laraba, 12 ga Maris

Ya tare ni a matakala. Ban taɓa ganinsa babu murmushi ba sai yau.

"Kin tambaye ni dalili kuwa? Farantinki yoyo yake, Yaya. Sau uku ana dawo min da kaya. Na faɗa miki, kika ce mutane ne ba su iya riƙewa ba."

Ƙarya yake. Awa biyu farantina ke riƙe tafasasshen ruwa, ko ɗigo. Ina da shi a rubuce, gwaji ɗari huɗu da sha ɗaya.

Ƙarya yake.

Juma'a, 14 ga Maris

Don in rufe masa baki, na ɗauki faranti biyar marasa leda na kai wa matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofa. Shekara shida ina wuce ta, ban taɓa sayen ko loma ba. Ta juya farantin, ta shinshina.

"Dakta, wannan ai na san shi. Mai jiƙa wa mutum cinya."

Ta zuba shinkafa, ta kwarara miya mai zafi, mai na yawo a kai. Na duba agogo. Minti goma sha ɗaya, gindin ya yi duhu. Minti goma sha bakwai, mai ya ɗiga a kan takalmina. Masu cin abinci a benci sai dariya, wani direba yana cewa a ba Dakta tsumma.

Ta ce, "Da me kike gwadawa a ciki can?"

Na ce da ruwa, kamar yadda littafi ya tsara.

"Ruwa? To wa kika taɓa gani ya sayi ruwa a faranti?"

Mai mai zafi yana narkar da kaki. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan. Ni da kaina na koyar da shi.

Takalmin ya lalace. Dama ban son sa.

Lahadi, 16 ga Maris

Laifi tudu ne, in ji masu magana. To, na taka nawa, kuma har yanzu ina hango nasa, don nasa ya fi tsawo. Yoyo kuskure ne. Tambarin nan ƙarya ce.

Na rubuta masa a takarda, na zura ta ƙarƙashin ƙofar ofishinsa: yana da daga yau zuwa ƙarfe goma sha biyun ranar Laraba ya kankare tambarin daga kowane kwali, ya kira mutanen makarantu ya faɗa musu da bakinsa. In bai yi ba, ranar Alhamis, ashirin ga wata, zan shiga taronsu da bokitina, in zazzage shi kan gilashinsa a gabansu, in ɗaga saɓar kowa ya gani. Hannu kam ba zan sa ba, ko Inna za ta shekara ba ta amsa gaisuwata.

Na ƙara layi ɗaya a ƙasa, na soke, na sake rubutawa: in ya yi, zan tsaya kusa da shi, in faɗa musu wa ya haɗa farantin da ke yoyo.

Gobe ƙarfe bakwai matar bakin ƙofa za ta kawo min tukunyar miya ɗakin gwaji. Ta ce a tanadar mata kujera mai jingina, kuma kada in yi mata dogon Turanci. Na share mata gefen teburina. Don dai gwajin ne.