Kawu Mamman Bai Saki Maɓalli Ba

Daren Laraba, tara ga Rabi'us Sani, Yasore.

Har yanzu maƙogwarona zafi yake. Baturen gandun daji ya ba mu wayar iska guda biyu saboda gobara, ɗaya a hannuna, ɗaya a ƙauyen Karare. Sau uku ina cewa kada a damƙa wa Kawu Mamman ta can, aka ce ai shi ne babba.

Da la'asar na hango wuta ta nufi gonakin Karare, ga dammunan gero ba a kwashe ba. Na kira shi. Sai ya danne maɓallin magana ya shiga gaisuwa: "Audu, ina wuni? Ina gajiya? Yaya mai jego?" Alhali muddin yana danne da shi, ba ya jin kowa. Ina ta ihu, "Wuta, Kawu, wuta!" shi kuwa ya zarce da addu'a.

Dole na hau keke. Kafin in isa, geron wata tsohuwa, Inna Hajo, na shekara guda ya zama toka.

Wai kuma ni ne marar tarbiyya, don ban amsa gaisuwarsa ba! Mutumin da ya shekara saba'in bai taɓa yin shiru ya saurari kowa ba, yau ne ƙarfen Bature zai koya masa?