Na Sassauta Igiya

Bawku, Lahadi, 14 ga Yuni, 1959

Yau raina fes. Mako uku 'yata Saratu ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ƙarya ta yi mini, kuma ban yi nadamar faɗan da na yi mata ba. Sai dai kullum ina ƙara mata wani.

Ranar Alhamis sabon dokin maigida ya ƙi zuwa shan ruwa. Ina jan igiya, yana turjewa. Baba Awudu, wanda ya kawo mana shi daga Pusiga, ya yi dariya.

"Uwargida, ke da shi wa ya fi taurin kai? Sassauta igiyar, ki juya masa baya, ki yi gaba."

Na yi yadda ya ce. Sai na ji numfashinsa a kafaɗata.

Kunya ta kama ni. Shekara nawa Yesu yana tafiya a gabana bai taɓa fizgata ba? Tun ranar na kama bakina, ko da Saratu ta ƙona miya jiya.

Yau a majami'a muna cikin waƙa, ta matso ta buɗe littafinta a tsakaninmu. Na gode maka, Ubangiji. Ɗankwalinta a karkace yake, na bar shi haka.